Baƙon da Ya Gaje Kusurwar Inna Ya Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kan da ya kasa ɗagowa, Malam Ja'afaru, akawu a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnati da ke nan Kaduna, yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da maƙwabta, musamman maƙwabtan da suka daɗe ba su san barcin rana ba, rasuwar akwatin lasifikarsa, wanda aka fi sani a gida da suna Baƙo. Ya cika ranar Asabar da ta gabata bayan la'asar, a kusurwar arewa ta falo, a gaban shaidun da Malam Ja'afaru zai so a ce ruwan sama ya hana su zuwa. An so a buɗe wannan sanarwa da kalmomin da aka saba buɗe irinta da su, amma malamai sun ce ba a yi wa katako su, saboda haka aka bar su ga masu rai.

An haifi marigayi a Ingila. Ya sha ruwan teku har Ikko, ya sha jirgin ƙasa har Kaduna, tare da wani Bature injiniya da ya yi masa hidima shekaru. Da mulkin kai ya fara ƙaratowa, Turawa suka shiga ɗaure kaya, sai aka fito da shi gwanjo tare da garmaho mai aiki da lantarki da wani ɗan akwatin ƙara murya mai ƙwayayen gilashi a ciki, wanda ke ɗaukar zafi kamar kaskon tuya. Can Malam Ja'afaru ya gan shi, kuma tun daga ranar bai ƙara zama mutumin da aka sani ba. Baturen, da 'yar gurguwar Hausarsa, ya bar masa wasiyya guda. Ya ce murya ba a cikin akwatin take ba, a cikin ɗakin take, in aka ajiye shi inda bai dace ba, gara a je a sayi gwangwani a riƙa kaɗawa. Da Baturen ya san abin da wannan magana za ta haifar, da ya haɗiye ta ya hau jirginsa.

Marigayi mai cikar kamala ne. Tsayinsa ya kai ƙugun mutum, jikinsa ja ne mai sheƙi, fuskarsa rufe da wani yadi mai kama da saƙi. Ba ya magana sai an tambaye shi. In an kunna shi, yakan fara da gyaran murya irin na dattawa, hmmm, sannan allura ta sauka ya ce shhh, ƙas, ƙas, kafin ya shiga zance. In faifan kalangu ne, dim, dim, kidim, sai ka waiga ka duba ko mahauta ne suka shigo falon. In na goge ne, yakan ja kukan nan siriri har tsigar jiki ta tashi. Bai taɓa yin tsegumi ba, bai taɓa cin abincin gidan ba, kuma duk abin da za a faɗa nan gaba, a sani ba shi ya nemi a yi masa ba.

Gidan da ya sauka ciki da falo ne irin na ma'aikata, da ɗan ɗaki a baya inda Inna Rahmatu, mahaifiyar Malam Ja'afaru, take kwana. Tun rasuwar mijinta aka ɗauko ta daga Zariya. Ɗakin bayan nan duhu gare shi, don haka da hantsi ya yi sai ta fito falo, ta shimfiɗa tabarmarta a kusurwar arewa inda hasken taga ke sauka daidai hannunta, ta jawo taskirar auduga, ta shafa alli a yatsa, ta yi ta kaɗi har magariba. Kowa ya shigo gidan ya san inda zai durƙusa ya yi gaisuwa. Malam Ja'afaru kuwa ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zuba masa ido ba, ba ta taɓa yi masa faɗa baki da baki ba. In magana ta kama, sai ta dubi matarsa Safiya ta ce a gaya wa mai gidan nan kaza, ko da kuwa yana tsaye a gabanta. Ita ce ma ta raɗa wa marigayi suna. Ranar da aka shigo da shi, maza na nishi, ta ɗaga kai ta ce wa Safiya, "Mai gidan nan ya yi baƙo."

Daga nan aka shiga neman wa Baƙo masauki. An fara ajiye shi ƙarƙashin taga, Malam Ja'afaru ya saurara ya ce rabin muryar na ficewa titi tana yi wa masu wucewa hidima. Aka kai shi tsakiyar falo, ya ce gangar ta rame. Aka ɗora shi kan tebur, ya ce teburin ma ya shiga waƙar. Aka manna shi da bango, ya ce yana magana kamar wanda ya cusa kai a randa. Mutumin da a ofis in aka ce ya ɗaga fayil sai ya kira masinja, shi ne ka gan shi ya tuɓe riga, gumi sharkaf, yana jan akwati daga wannan bango zuwa wancan. Ya yi tafi ya saurari amsa-kuwwa, ya rataya tabarmi a bango, ya sauke, ya sake ratayawa. Kwanukan jeren Safiya, waɗanda ta zo da su daga gidan ubanta, aka ce suna karkarwa in ganga ta buga, aka sauke su aka cusa ƙarƙashin gado. Safiya ta yi magana, don ita ba ɗan farinta ba ne, amma an tsikari kakkausa.

Kusurwa ta rage. Wata Lahadi Inna ta tashi alwala, sai Malam Ja'afaru ya ce bari ya ɗan gwada kafin ta dawo. Ya naɗe tabarmarta, ya ja Baƙo ya kai shi kusurwar, ya bar ɗan fili tsakaninsa da bangon biyu, ya juya fuskarsa ga tsakiyar ɗaki, ya sa faifai. To, gaskiya ɗaya ce, ko maƙiyin marigayi ya shaida: nan ne wurin. Ganga ta cika ta yi jiki, murya ta fito sarai kamar an wanke ta, falon nan ɗan ƙarami ya zama kamar dandali. Malam Ja'afaru ya tsaya baki buɗe. Inna ta dawo da butarta ta tarar da tabarmarta a naɗe jingine da bango. Ta dubi tabarmar, ta dubi Baƙo, ba ta dubi ɗanta ba, don dama ba ta dubansa.

Bai iya gaya mata da kansa ba, sai ya ce wa Safiya ta ce wa Inna ko za ta ɗan matsa gefe kaɗan. Safiya ta ce, "Malam, ka san me kake cewa kuwa?" Ya ce ai ba korarta aka yi ba, kuma in ba ta so za ta faɗa. Nan ne kuskuren da ya fi kowane girma, kuma shi ya fi kowa sanin haka, domin ya san matar da ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa komai ba, ba a kan kusurwa za ta fara ba. Ya ɗauki alkunyarta ya mai da ita izini. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a gefe, inda hasken bai kai ba, ta ci gaba da kaɗi tana lalube.

Da abin ya tsaya nan, da an ce da sauƙi. Sai aka gano cewa kujerar mai sauraro ma tana da nata wuri, daidai gaban Baƙo, kuma duk wanda ya zauna tsakaninsu yana shanye murya da jikinsa da tufafinsa. Inna ce a tsakani. Aka ce wa Safiya ta ce mata ta ƙara matsawa. Sai kuma kunnen Malam Ja'afaru, wanda yanzu ya fi na zomo, ya fara jin kukan mazari a ƙarƙashin kukan goge. Inna ta koma baranda. Ba wanda ya ce ta koma, ita ta lura da yadda yake yamutsa fuska ta tattara kayanta. Kafin ta fita, ya sa hannu a taskirarta ya ɗauki allin kaɗinta, ya durƙusa ya zana layi kewaye da ƙafafun Baƙo, ya kafa doka cewa tsintsiya ba ta ƙetare layin nan, hannu ba ya taɓa akwatin nan, domin in ya gusa ko da faɗin yatsa ne, muryar ta lalace. Bai mai da allin ba.

Damina ta sauka, kuma kowa ya san ruwan Kaduna ba ya tambayar wa ke zaune a baranda. Inna ta koma bakin madafa, hayaƙi na shigar mata ido. Wata safiya ta ce wa Safiya a gaya wa mai gidan nan za ta leƙa Husaina, 'yarta da ke aure a Rigasa. Ta ɗaure taskira da mazari da buta. Safiya ta raka ta har bakin titi, ta dawo ta tsaya kan mijinta ta ce, "Malam, Inna ta tafi har da farin ƙunshin nan na ƙasan akwatinta." Farin ƙunshin kuwa likkafaninta ne, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta ta kai aka saƙa. Tsohuwar da za ta kwana biyu ta dawo ba ta ɗaukarsa. Malam Ja'afaru ya ji maganar sarai, ba zai ce bai ji ba. Ya ɗaga wa Safiya yatsa, domin faifan ya zo daidai inda mai goge ke sauya hannu.

Game da rashin lafiyar marigayi, ta daɗe a jikinsa ba a sani ba. Kusurwar nan, lokacin da Inna ke zama cikinta, kullum sai an ɗaga tabarma an share. Da tsintsiya ta daina zuwa, sanyin damina ya kwanta, gara ta samo hanya ta wata 'yar tsaga a daɓen, ta shiga ta ƙafar baya, ta fara gini a ciki cikin natsuwa. Alamar farko ita ce muryarsa ta ƙara kauri. Malam Ja'afaru ya ji, ya yi murna, ya je ofis yana ba da labarin cewa akwati ya saba da kusurwarsa, murya ta nuna kamar yadda mangwaro ke nuna. Da kukan goge ya fara dusashewa, ya ce ai laushi ne, sai mai kunne ke ganewa. Da aka fara jin wani ɗan tsis-tsis a ciki ko ba a kunna shi ba, ya ce katakon Ingila ne ke numfashi. Safiya ta ga jar ƙasa na leƙowa ta bayan akwatin, ta tuna da doka, ta ci gaba da shararta. Iyakar abin da ta yi, ta ɗauko wani tsohon baƙin zane da Inna ta bari a ƙusa ta riƙa lulluɓe shi saboda ƙura.

Ranar da zai cika, Malam Ja'afaru ya gayyato abokan aikinsa, Malam Ɗahiru da wasu, su zo su ji yadda murya ta nuna. An sha shayi, an jera su a bango inda ba za su shanye komai ba. An kunna Baƙo yana ɗumama, ba a dai yaye masa zanen ba tukuna, mai gida na tsaye yana bayani a kan nisan bango da tsayin kunne, sai aka ji sallama. Malam Maliki ne, malamin allo na unguwar Kinkinau, aminin marigayi mahaifin Malam Ja'afaru, wanda yakan tako lokaci-lokaci ya gai da matar amininsa. Yanar ido ta rufe masa gani, duhu-duhu kawai yake gani. Ya shigo da sandarsa, ya amsa gaisuwar samari a gurguje, ya nufi inda ƙafarsa ta saba. Ya ga baƙin zane a kusurwa, ya tattara rigarsa ya tsuguna daga nesa kaɗan, ya ce, "Barka da hutawa, Innar yara. Ya ƙarfin jiki?"

Marigayi ya ce hmmm.

Malam Maliki ya ce madalla, ya ciro goro a ganye ya tura gabansa, ya shiga tambayar lafiyar ido da ciwon gwiwa. Da an yi dariya, da abin ya zo da sauƙi. Ba wanda ya yi. Malam Ɗahiru ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, wani ya shiga gyaran hula. Malam Ja'afaru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma daɓen siminti ne, gara kaɗai ke da hanya a cikinsa. Da ƙyar ya ce, "Baba Malam, ba ita ba ce. Akwati ne."

Tsohon ya miƙa sanda ya ɗan taɓa zanen. Ya ce, "To ina ita?"

"Tana Rigasa, wurin Husaina. Ziyara ta je."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

A waje gero har ya fid da kai. Malam Maliki ya laluba ya ɗauki goronsa ya mayar aljihu, ya dafa sanda ya miƙe, ya ce, "Ubanka ya taɓa ce mini, Ja'afaru ko ba ya da komai yana da kunya. Bari in je Rigasan, ni ba akwati na zo gayarwa ba."

Malam Ja'afaru ya ja da baya. Ya kai hannu ya dafa abin da ya fi kusa da shi, wato kan Baƙo, ya karya dokar da shi da kansa ya kafa. Hannun ya nutse har gwiwar hannu. Abin da ake gani katako, ashe ɓawo ne kawai ya rage, kamar na gyaɗa. Marigayi ya ce ɓurum, ya ce fuuu, wani ɗan hayaƙi ya tashi, ya zauna a kan kansa. Jar ƙasa da gara suka malalo suka rufe layin alli. Baƙin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ya tuna da wani uzuri, ba wanda ya tsaya neman rakiya.

Marigayi ya rasu ya bar garmaho guda, wanda yanzu yake juyawa ba mai jin abin da yake faɗi, da ɗan akwatin nan mai zafi, da tarin faya-fayai marayu, da gwangwanin allura, da igiyar waya mai tsawo, da kujera guda da ke fuskantar bango. Daga cikin jikinsa, maganaɗisu kaɗai aka samu da sauran amfani, Safiya ta karɓe shi tana tsintar allurar ɗinki da shi. Ita Safiyar ba a lissafa ta cikin masu makoki ba, domin tun kafin a kira magariba ta fito da kwanukanta ta mayar da su bango ba ta nemi shawarar kowa ba. Maƙwabta ma sun yi ta'aziyya da fuskokin da ba su dace da ta'aziyya ba, an gani, an kuma yafe.

Ya kuma bar Malam Ja'afaru, wanda tun daga ranar bai iya shiga ofis ta ƙofar gaba ba. Kullum in an tashi aiki sai ya hau keke ya nufi Rigasa, ya jingine shi, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna bakin ƙofar ɗakin da Inna take. Yana jin kukan mazarinta daga ciki. Yakan yi gaisuwa, Husaina ta shiga ta fito ta ce Inna ta ce lafiya lau. Abin da ke cin ransa shi ne haka dama take amsa masa tun yana yaro, ta bakin wani, a taƙaice. Mutumin da ke iya gane in akwati ya gusa da faɗin yatsa, yau ya kasa kunne iyakar ƙarfinsa ya kasa gane ko shirun nan na kunya ne ko na fushi. Sau ɗaya ta ƙara wani abu a kan lafiya lau. Ta ce a gaya masa ta ji rasuwar baƙonsa, Allah ya ba shi haƙuri. Ya dawo gida ranar bai ci tuwo ba.

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba, ba abin da za a wanke. Malam Ja'afaru ya riga ya share kusurwar da hannunsa, a durƙushe, da tsintsiyar da ya hana ta zuwa, ya goge layin da tsumma, ya toshe tsagar, ya tattara gawar a kwando. Za a ɗaura kwandon a bayan keke ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a juye shi a kwazazzabon da ke kan hanyar Rigasa, tunda dama hanya ce. Ba a buƙatar 'yan rakiya. Ba sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in. Wanda ke son faya-fayan ya zo ya ɗiba, Safiya na gida.

Ba za a yi zaman makoki a gidan mamaci ba, domin mai gidan ba ya zama. Wanda ya ga lallai sai ya yi gaisuwa, musamman dattawan da suka san mahaifinsa da tsofaffin da Inna ke jin nauyinsu, ya tako Rigasa bayan la'asar, ya tambayi gidan mijin Husaina. Zai tarar da wani akawu tsugunne a bakin ƙofa da ƙullin auduga da sabon alli a gabansa. Kada a yi masa ta'aziyyar akwati. A wuce shi a shiga a gai da Inna, in an ga fuska, don Allah a sa baki.